Yadda Ake Haɗa Azarar Ƙarfe Da Walda

Magini na gargajiya ya san amfanin azara, watau itacen giginya da ake ɗorawa bisa bango don ya ɗauki nauyin rufi. A manyan gine-gine da gadoji, inda itace ba zai iya ba, ƙarfe ne ke yin wannan aiki.

Idan aka dubi azarar ƙarfe ta bakinta, sai a ga ta yi kama da harafin H a kwance. Akwai dalili. Sa'ad da nauyi ya hau ta, samanta ne ke matsewa, ƙasanta kuwa ya miƙe, tsakiya ba ta shan wuya sosai. Saboda haka ake tara ƙarfe sama da ƙasa, a bar tsakiya siririya, a sami ƙarfi ba tare da nauyin banza ba.

Dā can da ƙusoshi ake haɗa ƙarafa: a huda, a sa jajayen ƙusoshi daga wuta, a dake kawunansu. Hasumiyar Eiffel ta birnin Faris, wadda aka gama a 1889, ta ci ƙusa wajen miliyan 2.5. A 1907 Oscar Kjellberg, mutumin Suwidin, ya fito da sandar walda mai rufi, wadda rufinta ke kare narkakken ƙarfe daga iska. Wutar lantarki da ke tashi a bakin sandar ta wuce digiri 3,000 na zafi, ƙarfe kuwa yana narkewa a wajen digiri 1,500. Ta haka ƙarafa biyu ke zama ɗaya.

Aikin yana da tsari. Da fari sai a auna, a yanka, a kankare tsatsa da maiƙo da fenti. In ƙarfen mai kauri ne, a fiƙe bakunansa don walda ta shiga har ciki. Sa'an nan a ɗiga walda nan da can ta riƙe, a sāke gwada aunin. Gwani ba ya gama gefe guda kafin ya taɓa ɗayan, gama ƙarfe yakan tsuke in ya huce, ya ja azarar ta karkace. Bayan kowane layi lalle ne a kakkaɓe kashin walda tukuna, in ba haka ba sai a binne shi a ciki, ya zama rauni. Sandar da ta sha danshi kuma takan bar ƙananan ramuka.

Abin da ya faru a Amurka ya isa gargaɗi. Tsakanin 1941 da 1945 an ƙera jiragen ruwa 2,710 masu suna Liberty da walda, waɗansunsu suka tsattsage a teku. A watan Janairu na 1943 wani jirgin dakon mai, Schenectady, ya rabe biyu yana tsaye a tashar Portland cikin sanyin dare. Binciken Constance Tipper ta Jami'ar Kambirij ya nuna irin ƙarfen ne ke gautsi in ya sha sanyi. Kuma tsaga takan tsaya a bakin faranti in da ƙusa aka haɗa, amma inda aka yi walda sai ta zarce. Don haka ake zaɓen ƙarfe, ana kuma ɗaukar hoton cikin walda a manyan ayyuka.

Mai walda ya kiyaye lafiyarsa. Hasken yana ƙona ido, zafin kuwa ba ya tashi sai bayan sa'o'i, mutum ya ji kamar an zuba masa yashi. Ya sa garkuwar fuska mai baƙin gilashi da safar hannu ta fata, ya yi aiki inda iska ke shiga, ya kori yara masu kallo.

Mai gini kuma kada ya yarda a shafa fenti sai masani ya duba kowane haɗi, domin rayukan mutane ne za su zauna ƙarƙashinsa.