Kowa na kallon mahayi, wa ke duba kofato?

Da UNESCO ta sanya hawan daba na Kano cikin al'adun duniya a Disambar 2024, an yi ta murna har nan Gombe. An yabi rawani da jalala da algaita. Ba a ambaci mutumin da ke durƙusawa ya ɗaga ƙafar doki ya duba kofato ba, alhali irinsa ne ke ƙarewa. Tsaya bakin titi a Nasarawo ranar da samari suka fito kilisa, za ka ga doki na ɗingishi a kan kwalta, mahayinsa na ƙara masa bulala.

Masu dawaki na kuka da tsadar gero da dusa da harawa. Gaskiya ne, yunwa na ramar da doki. Amma ƙosasshen doki ma gurguncewa yake idan kofatonsa ya tsage babu mai gyarawa.

A ganina sana'ar ce ta rasa ubangida. A rundunar dawakin Ingila ta ƙarni na 19, mai sa wa doki takalmin ƙarfe soja ne mai albashi da igiya a hannu. Kafin a fara ɗaukar likitocin dabbobi a 1796, shi ne likitan. Gatari yake ratayawa: dokin da ya ji mummunan rauni shi ke ƙarasa shi, ya sare kofaton da aka buga wa lamba ya kai shaida, don kada wani ya sayar da dokin hukuma ya ce mutuwa ya yi. Duk da wannan tsari, Ingila ta yi asarar dawaki sama da 300,000 a yaƙin Boer na 1899 zuwa 1902, akasari saboda cuta da gajiya. Ba ta bar abin haka ba, ta kafa rundunar kula da dabbobi a 1903, shekarar da aka gwabza yaƙi da Turawa a Burmi, nan ƙasar Gombe.

Mu ma muna da namu tsarin. Tun zamanin Buba Yero, wanda ya kafa masarautar Gombe, ƙarfin masarauta a kan doki yake. Barga na da shugabanta, maƙera na ƙera linzami da likkafa, yaro na tashi a gindin turke yana koyon fiƙe kofato da ba da kanwa. Bayan Burmi doki ya bar fagen fama ya koma ado. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da aka buɗe a 1924 kuwa shanu da cutar bushiya ta fi sa a gaba.

Sai kwalta ta shimfiɗu a gari, ta sami dawakin da suka saba da rairayi, ba takalmi. Doki kuma ya zama abin haya, kuma mai haya kuɗin yau yake so. Idan ƙafa ta lalace, sayar da shi ya fi jinya araha, sai a loda shi a mota zuwa kudu inda ake yanka shi. Dattijon da ya iya gyaran kofato bai da wanda zai koya wa, domin ba saurayin da zai zauna a barga kan aikin da ba a biya.