Yadda Ake Gane Darajar Tsohon Gida A Kucheri Da Garuruwan Da Ke Kewaye

Duk lokacin da maigida ya riga mu gidan gaskiya, ko kuwa bukata ta matsa wa iyali har suka yi shawarar sayar da gidan da suka gada, tambayar farko da takan taso ita ce, nawa gidan zai yi? A wurin amsa wannan tambaya ne 'yan uwa da yawa suka ɓata, a nan ne kuma marayu da gwauraye suka sha yin hasara, domin an yi wa gidansu kuɗi da ka, ba da lissafi ba. A garuruwa irin su Kucheri da Tsafe da Bunguɗu, har da Gusau babban birnin Jihar Zamfara, kuɗin tsohon gida ya fi dogara ga wurin da yake, da takardunsa, da zaman lafiyar yankin, fiye da ginin kansa.

Garin Kucheri yana cikin Ƙaramar Hukumar Tsafe, a bakin babbar hanyar da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Tsafe, ta shiga Gusau, ta wuce Bunguɗu zuwa Sakkwato. Wannan hanya ita ce ma'aunin farko na darajar gidajen garuruwan da ke kanta. Gidan ƙasa da ya fuskanci kwalta, ko da ya fara zubewa, yakan fi gida mai kyau da ke cikin lungu tsada, saboda mai saye yana hangen shagunan da zai fitar a gabansa. Haka abin ya faru a Gusau tun da jirgin ƙasa ya iso. Cinikin gyaɗa da auduga ya jawo baƙi, unguwannin da ke kusa da tasha da kasuwa suka yi daraja. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato ran 1 ga Oktoba, 1996, ma'aikata suka kwararo Gusau neman wurin zama, filayen da ake nomawa jiya suka koma fuloti. Kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau a shekarar 2013 ya ƙara yawan masu neman haya. Dukan wannan canji ya faru ba tare da an ƙara ko tubali ɗaya a kan tsofaffin gidajen ba.

Masana ƙimar gidaje da filaye, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a shekarar 1969, aka kuma yi dokar rajistarsu a 1975, suna da hanyoyi uku da suka fi amfani da su. Ta farko ita ce kwatantawa, watau a nemi gidaje uku ko huɗu masu kama da wanda ake magana, waɗanda aka sayar kwanan nan a unguwa ɗaya, a ji abin da aka biya. Abin lura shi ne a tambayi kuɗin da aka sallama, domin kuɗin da mai gida ya yanka da wanda dillali yake faɗa a bakin kasuwa sau da yawa sun yi nesa da abin da aka ƙirga a hannu. Ba a kuma kwatanta gidan Kucheri da na Tudun Wada ko Samaru a Gusau, don kowace unguwa da kasuwarta.

Hanya ta biyu ita ce ta kuɗin haya. Ana duba abin da gidan zai kawo a shekara, a cire kuɗin gyara, sa'an nan a ga shekara nawa mai saye zai yi kafin kuɗinsa su dawo. Wannan hanya ta fi dacewa da Gusau da Tsafe inda ma'aikata da ɗalibai ke kama haya. A ƙaramin gari, inda galibin mutane ke zaune a gidajen iyayensu, ba ta faɗin gaskiya sosai.

Ta uku ita ce a raba fili da gini. A yi wa filin kuɗi daban, a lissafta abin da za a kashe a sake irin wannan gini a yau, sa'an nan a rage gwargwadon tsufansa. Misali, a ce fili irinsa a unguwar yana kai Naira miliyan 3, sake ginin kuma zai ci miliyan 5, amma rabin ƙarfinsa ya tafi. Ƙimar gidan ke nan miliyan 5 da rabi. Idan kuwa mai saye rushe shi zai yi, to ginin ya zama masa nauyi, domin sai ya biya masu rusau da masu kwashe ƙasa.

Tsufan gini kuwa sai an duba da ido, ba a auna shi da yawan shekaru kawai. Gidan da aka gina da tubali, aka rufa da azarar giginya, ake kuma yi masa yaɓe kowace shekara kafin damina, yana iya fin gidan bulo da aka yi wa rowar siminti ƙarko. Mai dubawa ya lura da gindin bango ko ruwa ya ci shi, ya ƙwanƙwasa azara ya ji ko gara ta shiga, ya dubi indararo ya ga inda yake zubar da ruwa, ya kuma auna nisan rijiya da masai. Ya tambayi maƙwabta yadda unguwar take a watan Agusta, musamman a Gusau da Bunguɗu da ke gefen gulbin Sakkwato. Mutanen Gusau ba su manta da ɓallewar madatsar ruwan garin a shekarar 2006 ba. Saboda haka masu hankali sukan je duba gida da damina, lokacin da rufi da magudana ba sa iya ɓoye aibinsu.

Sai maganar takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Filayen birni gwamna ke ba da iznin mallakarsu, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke bayarwa, kuma dokar ta ce a nemi yardar hukuma kafin a sayar ko a jinginar. Ta kuma amince da haƙƙin waɗanda ke zaune a gidajensu tun kafin a kafa ta. Yawancin tsofaffin gidajen karkara ba su da wata shaida sai ta dagaci da mai unguwa da dattawa. Wannan shaida tana da ƙarfi a cikin gari, amma banki ba ya karɓar jingina da ita, baƙo kuma yakan rage tayi saboda tsoron rigima. Gidan gado da ba a raba ba ya fi kowane haɗari. A mazhabar Malikiyya, idan ɗaya daga cikin masu tarayya ya sayar da rabonsa ga wani na waje, sauran suna da haƙƙin shufa'a, watau su biya kuɗin su karɓe. Don haka wajibi ne kowane magaji, mace da namiji, ya san da cinikin, a kuma rubuta shi gaban shaidu.

Wani abin da jama'a ba su cika sani ba shi ne lissafin diyya ya sha bamban da na kasuwa. Idan gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, kamar faɗaɗa hanya, abin da dokar 1978 ta tanada shi ne a biya kuɗin gini da itatuwa da amfanin gona, bayan an rage tsufan ginin. Filin kansa ba a yi masa kuɗin kasuwa. Ke nan tsohon gidan bakin titi da dillali zai yi wa kuɗi mai tsoka saboda wurinsa, yana iya samun ɗan abu kaɗan a teburin diyya. Mai son sayen gida a bakin babbar hanya ya kamata ya fara binciken iyakar da aka keɓe wa hanyar.

Babu kuwa abin da ya girgiza kasuwar gidaje a wannan yanki kamar matsalar 'yan bindiga, wadda ta addabi Jihar Zamfara fiye da shekara goma. Mutanen ƙauyuka da dama sun baro gidajensu sun koma Tsafe da Gusau, haya ta yi tsada a can, gidajen da suka bari kuwa babu mai tayawa. Ga kuma faɗuwar darajar Naira da tashin kuɗin siminti da kwano tun daga shekarar 2023, wanda ya sa kuɗin da aka karɓa yau ba lallai su gina rabin gidan baɗi ba. Wanda ya sayar cikin firgita yakan sayar a ƙasa, ya je ya saya a sama.

Shawarar da ta dace ga magada ita ce kada su dogara ga bakin mutum ɗaya, balle dillalin da la'adarsa ke rataye da saurin ciniki. Su ji ta bakin magini a kan gini, su ji ta bakin mai unguwa a kan cinikin da aka yi a kusa, idan dukiyar mai yawa ce su ɗauki masanin ƙima mai rajista. Ma'aikacin da ke tattalin kuɗin sallamarsa don sayen gida, shi ma wannan hanya ce za ta fisshe shi. Kuɗin da za a kashe wajen bincike bai kai na zaryar kotu ba, kuma haƙƙin maraya idan ya salwanta a ciniki, da wuya ya dawo.