Ɗan katin da ke riƙe da labarin kogin Komadugu

Kogin Komadugu Yobe shi ne jigon arzikin kudancin jihar Diffa. Ruwansa na tasowa daga ƙasar Kano da tsaunukan Jos, ya biyo kogunan Haɗeja da Jama'are, ya raba Nijar da Najeriya tsawon kilomita wajen 150, sa'an nan ya faɗa Tabkin Cadi kusa da Boso. Yakan iso Diffa da damina, ya cika maƙil wajen Nuwamba ko Disamba bayan ruwan sama ya daɗe da ɗaukewa, kana ya janye da bazara. Da shi ake noman tattasai da shinkafa, cikinsa ake su, kuma binciken masanan cibiyar IRD ta Faransa ya nuna cewa shi ke shayar da ruwan ƙarƙashin ƙasa na kwarin.

Don haka ne ake auna hawansa da saukarsa a tashar Bagara, dab da garin Diffa, tun zamanin ORSTOM, wadda ta koma IRD a 1998. Awon yana da dalili. An gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992 a ƙasar Kano, suka sauya tafiyar ruwan. A 1990 Nijar da Najeriya suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar rabon ruwan da suke tarayya a kai, Komadugu na ciki, kuma rabo ba ya yiwuwa sai da lissafi. Ga kuma ambaliyar 2012 da ta 2019 da ta 2022, waɗanda suka cinye gonaki, suka tada garuruwa. Duk wanda zai gina shingen tare ruwa, dole ya san inda ruwa ya taɓa kaiwa, da ranar, da yawan kwanakin da ya yi.

Daga littafi zuwa kati

Da farko mutum ne ke karanta sandar awo da aka kafa a bakin kogi, safe da maraice, ya rubuta a littafi. Daga baya aka kawo na'ura mai alƙalami da ke zana hawan ruwa bisa takarda mai juyawa. Amma tawada takan bushe, takarda takan ƙare, danshi da gara su lalata ta. A 1990 ORSTOM da ma'aikatar kula da yanayi suka soma aikin EPSAT-Niger a kewayen Yamai, suka kafa ma'aunan ruwan sama wajen 100. Kowanne na da ɗan akwatin ajiya da ake zarewa a kai ofis a karanta, a sa wani a gurbinsa. Wannan dabara ce ta ƙanƙance har ta zama katin SD da ya shiga kasuwa a 2000, irin wanda matasa ke sa wa wayar salula suna kiransa memori.

Ga yadda abin ke aiki. Ana nutsa wani ɗan ƙarfe cikin kogi ko cikin rijiyar awo, yana jin nauyin ruwan da ke bisansa. Waya na haɗa shi da na'urar rubuta awo, wadda ke cikin akwati a rufe, tana cin wuta daga batir da farantin hasken rana. Na'urar na da agogo. In an saita ta kan minti 15, za ta rubuta kwanan wata da sa'a da tsayin ruwa sau 96 a yini, wato sau 35,040 a shekara. In kowane layi haruffa 50 ne, awon shekara guda bai kai megabait 2 ba, alhali kati mai gigabait 2 na ɗaukar ninkin haka sau 1,000. Kuma ko batir ya mutu, abin da ya riga ya shiga kati ba ya gogewa.

Amfaninsa a kwarin Komadugu a fili yake. Bayan hare-haren Boko Haram kan Boso da Diffa a watan Fabrairu na 2015, an kafa dokar ta-ɓaci, an hana hawa babur, garuruwan bakin kogi da yawa suka watse. Inda ma'aikaci ba zai iya zuwa kullum ba, na'ura na ci gaba da rubutu wata da watanni. Ranar da hanya ta samu, ba sai ya zauna da kwamfuta a bakin gaɓa ba. Ya zare kati, ya sa wani, ya juya cikin ƴan mintoci.

Ƙa'idojin da ma'aikaci zai kiyaye

Na ɗaya, kowace tasha ta sami kati biyu masu ɗauke da sunanta, ɗaya na aiki, ɗaya na jiran canji. Na biyu, kada a fizge kati na'ura tana cikin rubutu. A dakatar da ita tukuna kamar yadda littafinta ya ce, in ba haka ba awon watanni na iya ɓaci. Na uku, a gwada agogonta da agogo mai kyau, domin awon da sa'arsa ta goce ya rage daraja. Na huɗu, a karanta sandar awo a daidai lokacin canji a rubuta, don a gane ko ƙarfen da ke cikin ruwa ya soma kuskure saboda laka ko yashi. Na biyar, a sa katin cikin gidansa, a kare shi daga ƙura da gumi. In an isa ofis, a kwafe awon a wuri biyu dabam, a buɗe a duba, sa'an nan a goge kati. Shugabannin ma'aikatu su ma da nasu nauyi: su sayi kati mai jure zafi daga hannun da aka amince da shi, gama jabu sun yi yawa a kasuwa, kuma su hana a ari katin aiki don zuba waƙoƙi ko hotuna.

Abu guda ne kati ba ya yi. Ba ya faɗakar da kowa ranar da ruwa ke hawa, don labarin yana kulle cikin akwati sai an zo an ɗauka. Gargaɗin ambaliya na buƙatar na'ura mai aika awo ta waya, ko mutumin gari da ya iya karanta sanda ya kira hukuma. A nan waɗanda suka yi yaƙi da jahilci ke da babban aiki: su riƙe littafin awo, su tsare akwati daga masu sha'awar batir da faranti, su kuma fahimtar da maƙwabta abin da ke ciki. Ranar da ba a auna ba ta wuce ke nan, kuma da waɗannan lambobi ne wakilan Nijar ke kare rabon manomin Diffa in an zauna maganar ruwa.