Sikotlan da Alƙawarin Rage Hayaƙi: Rabi Ya Samu, Saura Mai Wuyar

A watan Disamba na 2021, shugabar gwamnatin yankin Sikotlan ta lokacin, Nicola Sturgeon, ta danna maɓalli, dogon bututun hayaƙin tashar lantarki ta Longannet ya zube ƙasa. Ita ce tashar ƙarshe da ke ƙona kwal a yankin, kuma tun a watan Maris na 2016 aka kashe wutarta. Wata ɗaya kafin rushe bututun, birnin Gilasgo ya karɓi baƙuncin taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi. A lokacin, duk mai neman misalin gwamnatin yanki da ta ɗauki batun hayaƙi mai ɗumama duniya da gaske, Sikotlan yake nunawa.

Sikotlan ba ƙasa ce mai cin gashin kanta ba. Yanki ne a cikin Birtaniya, mai mutane kimanin miliyan biyar da rabi, da majalisarsa a Edinbara. Gidaje, sufuri, noma da dazuzzuka suna hannunta. Lasisin haƙo mai a teku kuwa Landan ce ke bayarwa. Da ikon da ke hannunta, Sikotlan ta yi doka a 2009, ta ce za ta rage hayaƙinta da kashi 42 cikin ɗari kafin 2020, idan aka auna da na 1990. Ta kuwa cika. A 2019 majalisa ta ƙara buri: kashi 75 kafin 2030, sannan a 2045 abin da yankin ke fitarwa ya yi daidai da abin da itatuwa da ƙasarsa ke zuƙewa, shekara biyar kenan kafin wa'adin Birtaniya baki ɗaya. Kwamitin ƙwararru da ke ba gwamnati shawara kashi 70 ya ce a sa, 'yan majalisa suka ƙara biyar a kai, aka yi ta tafi.

Ba za a raina abin da aka yi ba. Allah ya hore wa yankin iska mai ƙarfi, aka kafa manyan fankoki masu samar da lantarki a kan tsaunuka da cikin teku. A Whitelee kaɗai, kusa da Gilasgo, akwai guda 215. Da wannan da rufe tashoshin kwal da raguwar manyan masana'antu, hayaƙin yankin ya ragu da kusan rabi. Sai dai a lura da irin aikin: yarjejeniya ce tsakanin gwamnati da kamfanoni ƙalilan. Magidanci ya kunna fitila ta kama, bai san ko kwal ne ya kawo wutar ko iska ba, ba wanda ya nemi ya sauya komai.

Sauran rabin kuwa yana cikin gidan kowa. Sikotlan ƙasar sanyi ce, kuma galibin gidajenta da gas ake ɗumama su. Ana son a maye gurbin tukunyar gas da na'urar da ke zuƙo ɗumi daga iskar waje ta amfani da lantarki, amma sayenta da sa ta da toshe kafofin da ɗumi ke tserewa a tsohon gini kuɗi ne mai yawa, kuma ba a taɓa warware wa zai biya ba yadda talaka zai gamsu. Sufuri shi ne kan gaba wajen fitar da hayaƙi. Gwamnati ta ba matasa 'yan ƙasa da shekara 22 shiga bas kyauta daga 2022, abin a yaba, amma mutumin ƙauyen da bas ke ratsawa jefi-jefi ba zai ajiye motarsa don an roƙe shi ba. Ga shanu da tumaki, waɗanda gyatsarsu ke fitar da iskar metan, mai riƙe zafi fiye da iskar kabon.

Akwai kuma wani abu da ya fi ba ni sha'awa, wato fadamun da suka rufe kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar. Tarin ruɓaɓɓun tsirrai ne na dubban shekaru, kwance cikin ruwa. Muddin suna jiƙe, kabon ɗin da ke cikinsu a kulle yake. Amma an haƙa musu magudanai don kiwo da dashen itace, suka bushe, rumbun ajiya ya koma wurin yoyo. Gyaran ba ya buƙatar wata fasaha ta musamman: a toshe magudanan, ruwa ya dawo. An ware fam miliyan 250 don gyara hekta 250,000 kafin 2030, aikin dai bai yi saurin da aka tsara ba.

A watan Maris na 2024 kwamitin ƙwararrun ya fito fili ya ce burin 2030 ba zai cimmu ba, bayan yankin ya kasa cika ma'aunin rage hayaƙi na shekara-shekara sau takwas cikin goma sha biyu. Ranar 18 ga Afrilu ministar da ke kula da batun, Màiri McAllan, ta shaida wa majalisa cewa an janye burin. Cikin kwana goma sha ɗaya ƙawancen jam'iyya mai mulki da jam'iyyar masu kare muhalli ya wargaje, shugaban gwamnati Humza Yousaf, Musulmi na farko da ya riƙe muƙamin, ya sanar da murabus.

Abin da ke damuna ba janyewar ba ce, don gara gaskiya da riƙe adadin da kowa ya san ya mutu. Damuwata ita ce shekaru biyar ɗin da aka yi ana tutiya da kashi 75, alhali maganar tukunyar gas da motar ɗan ƙauye ana ta ɗage ta don gudun ɓacin ran masu zaɓe. Alƙawari kaya ne, an kuwa ɗauki wannan ba tare da gammo ba.

A ƙarshen 2024 majalisa ta sauya tsari: maimakon ma'aunin kowace shekara, za a riƙa ƙayyade adadin hayaƙin da aka yarda a fitar cikin shekara biyar-biyar. Wa'adin 2045 yana nan a doka, ba a taɓa shi ba.