Koyon Turanci: Guda Nawa Ne Dozin?

Kalmar dozin ba baƙuwa ba ce a kasuwa. Mai tireda yakan saro sabulu dozin-dozin. Uwar amarya takan sayi kwanuka dozin biyu ko uku. Amma da yawa ba su san yadda ake rubuta kalmar da Turanci ba. Saboda haka akan cuci wasu wajen sari, ba tare da sun gane ba.

Da Turanci ana rubuta ta haka: dozen. Ma'anarta guda 12. Turawan Ingila sun aro ta daga Faransanci, Hausawa kuma suka aro ta daga Turanci suka ce dozin.

Dattawa ba za su sha wahalar gane wannan lissafi ba. Kafin zuwan naira a 1973, kwabo 12 ne sule ɗaya, kwabo 6 kuma sisi. To, dozin kamar sule yake, rabin dozin kamar sisi.

Amfani na farko

Idan kalmar ta zo da lamba a gabanta, adadi ne tabbatacce, babu ƙari babu ragi. Ga misalai:

a dozen eggs: ƙwai 12
half a dozen eggs: ƙwai 6
two dozen eggs: ƙwai 24

Mai koyo ya lura da kyau. Bayan lamba ba a ƙara harafin "s" a ƙarshen kalmar. Ana cewa two dozen, ba two dozens ba.

Amfani na biyu

Idan aka ƙara "s", aka biyo da of, ma'ana ta canja. Dozens of people na nufin mutane da dama. Ba a faɗi ko su nawa ba ne. Don haka idan ana yarjejeniyar ciniki, kada a yarda a rubuta dozens. A nemi a sa lamba a fili, don gudun rigima daga baya.

A jikin katan da rasit

A nan ne aka fi samun asara. Akan taƙaita kalmar a rubuta doz. ko dz. Idan an rubuta 6 doz. a jikin katan, guda 72 ne a ciki, wato 12 sau 6. Mai saye ya buɗe ya ƙirga kafin ya bar wurin. Idan ya iske 70, an tauye masa guda biyu ke nan.

Haka kuma per dozen na nufin kuɗin kowane dozin, ba kuɗin guda ɗaya ba. A ce dozin ɗin sabulu naira 2,400 ne. Idan aka raba gida 12, kowane guda ya kama naira 200. Wanda ya sayar ƙasa da haka ya faɗi, ko da kuwa bai sa kuɗin mota ba.

Kiret kuma ba dozin ba ne. Kiret ɗin ƙwai guda 30 ne, wato dozin biyu da rabi. Akwai kuma kalmar gross, wadda ake gani a kan kayayyaki ƙanana kamar maɓalli da fensir. Ita dozin 12 ce, wato guda 144.

Dozin mai gyara

Turawa suna da wata magana, baker's dozen, wato dozin na mai burodi. Wannan guda 13 ne. An ce a Ingila ta dā ana hukunta mai burodin da ya rage nauyi, shi ya sa yakan ƙara ɗaya don ya tsira. Ke nan su ma sun san gyara.

Aikin gida

Ɗaliban ajin yaƙi da jahilci su gwada waɗannan, su kai wa malaminsu ya duba:

1. Guda nawa ne three dozen?
2. An rubuta 4 doz. a jikin katan. Guda nawa ne a ciki?
3. Dozin ɗin ashana naira 600 ne. Nawa ne kuɗin rabin dozin?

Wanda ya iya karanta abin da ke jikin katan, da wuya a ci guminsa a kasuwa.