John Halver: Masanin da ya gano cewa lafiyar kifi daga abincinsa take farawa

A rahotonta na 2024, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022, karon farko a tarihi, kifi da sauran halittun ruwa da aka kiwata sun zarce waɗanda aka kamo daga teku da koguna, inda suka kai kashi 51 cikin ɗari. Wannan bunƙasa tana da tushe a binciken wani Ba'amurke mai suna John Halver, wanda aka haifa a 1922 ya rasu a 2012, kuma masana ke yi wa laƙabi da uban ilimin ciyar da kifi.

Kafin shekarun 1950, wuraren ƙyanƙyasar kifi a Amurka hanta da kayan cikin dabbobi suke niƙawa su zuba wa kifi, ba tare da sanin abin da jikinsa ke buƙata ba. A ɗakin binciken gwamnati da ya jagoranta a jihar Washinton, Halver ya haɗa wani abincin gwaji wanda an san adadin kowane sinadari da ke cikinsa. Sai ya riƙa cire sinadari ɗaya, ya ciyar da kifin salmon, ya lura da irin cutar da za ta bayyana. Da wannan dabara ce, a 1957, shi da abokan aikinsa suka fitar da jerin bitamin da nau'o'in amino asid goma da kifin ba zai girma ba sai da su.

Sakamakon ya sauya yadda ake kallon cutar kifi. A 1969 sun nuna cewa rashin bitamin C yana karkatar da ƙashin baya, kuma yana hana rauni warkewa. Dalili kuwa shi ne, yawancin kifin da ake kiwo ba sa iya samar da wannan bitamin a jikinsu, ga shi kuma zafin injin sarrafawa da daɗewa a ajiya suna lalata shi. Ke nan manomi yana iya ganin kifinsa na mutuwa ya ɗauka annoba ce, alhali buhun abincin ne ya tashi daga aiki.

Gudummawarsa ta biyu ta shafi guba. A 1960 sankarar hanta ta ɓarke a wuraren kiwon kifin tirawut a Amurka, a daidai shekarar da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Barazil. Halver yana cikin masanan da suka danganta sankarar da afalatoksin, gubar da fumfuna ke haifarwa, wadda ta shiga abincin kifin ta hanyar garin angurya. Littafinsa mai suna Fish Nutrition ya fito a 1972, aka sabunta shi a 1989 da 2002, kuma har yau ɗaliban fannin suna dogaro da shi.

Wannan darasi ya shafi mai kandamin tarwaɗa a Najeriya kai tsaye. Abinci ne ke cinye fiye da rabin kuɗin da yake kashewa, saboda haka idan farashi ya tashi, da yawa sukan koma haɗa nasu da masara da tunkuzar gyaɗa. Waɗannan su ne amfanin gonar da afalatoksin ta fi kamawa idan ba su bushe sosai ba. Idan kifi ya fara ciwo, sai a zuba masa magungunan kashe ƙwayoyin cuta barkatai. Maganin ba ya cike giɓin bitamin, ba ya kawar da guba, sai dai ya ƙara wa ƙwayoyin cuta taurin kai, matsalar da ke iya kaiwa ga mutane.

Abin lura ga matasa shi ne, kuɗin gwamnati ne ya ɗauki nauyin aikin Halver na tsawon shekaru. Najeriya ma tana da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi a New Bussa ta Jihar Neja, tana da NAFDAC mai sa ido kan abinci da magungunan dabbobi, amma har yanzu tana kashe kuɗin waje wajen shigo da daskararren kifi. Duk ɗan siyasar da ya yi alkawarin raba wa matasa kandami da 'ya'yan kifi, ya dace a tambaye shi nawa ya ware wa bincike, wa zai gwada ingancin abincin da ke kasuwa, kuma malamin gona nawa ne za su kai sakamakon ga manomi.