Kwalbar da Ta Raba Kan Masu Ganin Lefe

Ranar da aka kawo lefen ƙanwata, akwati na huɗu ne ya ta da gardama. Tsakanin su humra da turaren wuta aka tsinci wata 'yar kwalba mai kusurwa huɗu, ruwanta kamar zuma, an rubuta Chanel No. 5 a gabanta. Gwaggonmu ta fesa a bayan hannu, ta sunsuna, ta yamutsa fuska. "Wannan ai hoda aka dama da ruwa," in ji ta. Wata ƙawar amarya ta ce turaren tsofaffi ne. Wata ta rantse jabu ne, don na mahaifiyarta ba haka yake ƙamshi ba. Wata kuma ta janye gyalenta ta ce ita ba ta sallah da irinsa. Kafin a rufe akwatin an yanke wa kwalbar nan hukunci iri huɗu, kuma kowace mai hukunci ta ci alwashin ita ce a kan daidai.

Maganar Gwaggo ta fi kowace nisa da gaskiya, amma hancinta bai yi ƙarya ba. Babu ko ƙwayar hoda a cikin irin wannan turare. Da akwai, da ta kwanta a gindin kwalba ta toshe bakin feshi. Abin da hanci ke ji kamar hoda daga wasu 'yan abubuwa yake fitowa, kuma babbansu shi ne saiwar wani fure da ake kira iris, wanda ya yi suna a gonakin da ke kewayen birnin Florence na Italiya. Furen kansa ba shi ne abin nema ba. Saiwar ake tonowa, a fere ta, a shanya, a ajiye ta kimanin shekara uku kafin ƙamshin ya nuna. Sabuwar tonowa ba ta da wani ƙamshin kirki. Tan guda na busasshiyar saiwa kuwa kilo biyu ko makamancin haka yake bayarwa na man da masu turare ke so, shi ya sa yake cikin kayan haɗin da suka fi tsada a duniya.

To me ya haɗa saiwa da hoda? Tun ƙarnoni da suka wuce matan Turai ke niƙa wannan saiwa suna zubawa a hodar fuska da ta gashi don ta yi ƙamshi. Wato hoda ce ta ari ƙamshin saiwa, har ta kai ga duk inda hanci ya ji shi sai ya ce ga hoda nan. Daga baya masana kimiyya suka kawo sauƙi. A 1868 Baturen Ingila William Perkin ya haɗa sinadarin kumarin, mai ƙamshin busasshiyar ciyawa da ɗan zaƙi. A 1893 Jamusawa biyu, Tiemann da Krüger, suka samo ayonon, wanda ke kwaikwayon furen violet. Da waɗannan, da banila, da almiski, aka gina turarukan da yanzu ake kira na da: Après l'Ondée na gidan Guerlain a 1906, L'Heure Bleue nasu a 1912, sai No. 5 da Ernest Beaux ya haɗa wa Coco Chanel a 1921.

Batun "turaren tsofaffi" ba ya buƙatar dogon bayani. A shekarun 1920 'yan matan Paris masu ji da zamani ne suka yi rububin No. 5, saboda an cika shi da sinadaran aldehayid masu ba shi wani irin haske kamar na sabulu, abin da ba a saba ji da yawa haka ba. 'Yan matan sun tsufa da kwalbarsu, jikoki suka tashi suna jin ƙamshin a ɗakin kaka. Haka ya faru da turaren Bintu Sudan a wajenmu. Wanda ya ce bai son ƙamshin, hakkinsa ne, amma shekarun a cikin tunaninsa suke.

Wadda ta ce jabu ne ita ce ta fi ba ni sha'awa, domin ta lura da abu na gaskiya, fassarar ce ta kuskure. Jabun turare yana nan birjik, babu mai musu. Amma ko kwalbar daga shagon kamfanin ta fito, ba lalle ta yi ƙamshin ta shekara talatin da suka wuce ba. An canza haɗin kusan duk tsofaffin turarukan nan, wasu ma ba sau ɗaya ba. Ƙungiyar masu masana'antar turare ta duniya, IFRA, wadda aka kafa a 1973, tana taƙaita duk kayan haɗin da aka gano suna jawo ƙaiƙayi ko ƙuraje. Wani irin gansakuka da ke fitowa a jikin itatuwan oak, wanda shi ne ƙashin bayan turaruka da yawa na da, an rage shi ƙwarai. Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan da ke ɗauke da sinadarin Lyral daga 2021, ta bi da Lilial a 2022, kuma dukansu biyu da su ake kwaikwayon ƙamshin fure. Ƙari a kan haka, kwalbar mahaifiya ta daɗe a ajiye: saman ƙamshinta ya gudu, gindin ya yi kauri. Ana gwada tsohon haɗi da ya tsufa da sabon haɗi da bai kwana ba, yaya za su zo ɗaya? Mai son gane jabu gara ta duba lambar da ke gindin kwalba ta ga ko ta dace da ta kwali, ta duba tsabtar rubutu da yadda murfi ke zama, sannan ta tambayi kanta ko kuɗin da aka ce ta biya ya yi kama da na kayan. Araha ba ta ado.

Cikin abubuwan da aka cire daga tsofaffin turarukan nan har da na dabbobi. Gaskiya ne a da ana sa jibda, wadda ake kankarowa daga jikin tunkun juda, da almiskin da ake cirowa daga wata barewa ta tsaunukan Asiya. Yau kusan duk manyan kamfanoni na roba suke amfani da shi, wato wanda aka haɗa a ɗakin gwaji. Barewar tana ƙarƙashin kariyar dokar cinikin namun daji ta duniya, kuma Chanel ya ce ya daina sa jibdar asali tun ƙarshen shekarun 1990.

Maganar alkohol kuwa, wadda ita ce ta sa waccan ta ce ba ta sallah da irinsa, gaskiya ce, babu kwana-kwana. A turaren fesawa, wajen kashi 80 cikin 100 na ruwan kwalbar alkohol ne. Shi ke ɗaukar man ƙamshin ya watsa shi, sannan ya bushe cikin ɗan lokaci. Yawanci ana zuba masa abu mai ɗaci don kada ya shawu, kuma ba ya bugarwa ta hanyar fata. Ko najasa ne ko ba najasa ba, wannan malamai sun yi saɓani a kai, kuma ba hurumin mai rubutu a kan turare ba ne. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba tana da mafita a turarukan mai. Bintu Sudan, wanda kamfanin W.J. Bush na Landan ya fitar a 1920 kuma aka daɗe ana haɗa shi a Kano, ba shi da alkohol, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ya samu gindin zama a ƙasar Hausa.

Akwai ƙorafin da na fi ji a bakin matan da suka kashe kuɗi mai yawa: "Na fesa, ko awa ɗaya bai yi ba ya ɓace." Sau da yawa turaren yana nan, hanci ne ya saba ya daina kai rahoto, kamar yadda mai aiki a madafi ba ta jin ƙamshin miyar da maƙwabta ke haɗiyar yawu a kanta. A turare mai ƙamshin hoda abin ya fi tsanani, domin an san ayonon da gajiyar da hanci na ɗan lokaci: ki ji shi, ya ɓace, can kuma ya dawo. Sai mace ta ƙara feshi biyar, ta shiga Adaidaita Sahu, mutane su yi ta tari. Kafin ki ƙara, tambayi wadda ta shigo ɗakin yanzu.

Goga wuyan hannu da juna ma an ce yana "kashe" turare. Ba ya fasa komai a cikinsa. Ɗumin gogar ne kawai ke sa ƙamshin farko ya tashi da wuri. Asarar ba ta taka kara ta karya ba, amma barinsa ya bushe da kansa ya fi.

Wanda mutane ke ɗauka camfi alhali yana da tushe shi ne cewa turare na sa wuya ya yi baƙi. Man bawon lemon bergamot, wanda ke saman turaruka da yawa na da, yana ɗauke da wani sinadari da in ya haɗu da hasken rana yake ƙona fata ya bar tabo mai duhu, wani lokaci da siffar yadda turaren ya gangaro. Kamfanoni masu bin ƙa'ida yanzu suna tace wannan sinadari, amma tsohuwar kwalba ko haɗin da ba a san asalinsa ba wa zai ba da tabbaci? Ga rana irin tamu, ga fatar da tabo ke daɗewa a kanta. Fesa shi a inda tufa ke rufewa ya fi, ko a kan tufar kanta, sai dai a kula da farin leshi da siliki, don yana iya barin shaida.

Haka ita ma maganar cewa turare ba ya lalacewa: yana lalacewa. Zafi da haske da iska su ne maƙiyansa, kuma ɗakin da ke kai digiri 40 a watan Afrilu ba wurin jera kwalabe a gaban madubi kusa da taga ba ne. Ruwan ya ɗan yi duhu ba komai, banila da yasmin haka suke yi in sun daɗe. In ya fara tsami ko warin tsohon mai, shi ke nan ya tafi. Kwalbar ƙanwata dai na sa ta mayar da ita cikin kwalinta, ta tura can ƙasan durowa ƙarƙashin atamfofi.

Daren kai amarya, ana ta haramar fita, na ji muryar Gwaggo daga ƙuryar ɗaki: "Ke 'yar nan, ina hodar nan taki? Ɗan fesa min a gefen mayafi."